Tukunya Biyu a Karantina

Mu huɗu ne a ɗakin nan na Jidda,
hawa na uku, bayan kasuwar gwanjo,
katifa huɗu, tukunya ɗaya,
da na'urar sanyi mai tari kamar tsohon mashayin taba.
Shekara shida muna sa hannu a faranti guda.
Bana zaɓe ya shigo, ko sallama bai yi ba.

Tanimu mai wankin motoci
ya ce sai mai alamar Tsani.
Hashimu direban tankar ruwa
ya ce Tsani na ɓarayi ne, sai mai Fitila.
Ƙasar da ake zaɓen tana bayan teku,
bayan kuɗin jirgin da ba mu tara ba,
amma a cikin wayoyinmu take kwana.

Aka ce mai Tsani ba shi da takardar makaranta,
wai gara ta cinye.
Hashimu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi:
"To garar ta fi shi karatu, a tsayar da ita."
Aka ce mai Fitila ya rage shekaru,
a takarda ƙaninsa ya girme shi da uku.
Tanimu ya kunna saƙon sau bakwai,
ya ajiye wayar a kan matashin Hashimu, ya tafi alwala.

Daga nan aka zagi gari.
Daga gari aka gangaro kan kakanni.
Ranar Talata Hashimu ya shigo da sabuwar tukunya,
riyal goma sha takwas, har da murfi.
Murhu ɗaya, layi biyu.
Gishiri ma sai ta hannuna yake ƙetarawa.

Ni tela ne, ina kalmasa bakin abaya tun safe.
Kowannensu ya tare ni a matakala:
"Kai na wa ne?"
Na ce ni na mai shago ne har ƙarshen wata.
Ƙarya na yi. Ina da nawa,
kuma da dare, cikin bargo, ni ma ina tura saƙonni.

Baba Ilu, na huɗunmu,
ya zo ƙasar nan tun ana jin sakamako a rediyo.
Bai ce uffan ba.
Sai dai ya fara cin abincinsa a bakin tagar.

Daren Alhamis aka ce jawazat sun shigo layi.
Igamar Tanimu ta mutu tun watan azumi.
Ban ga lokacin da Hashimu ya fizgo hannunsa ba,
na dai ji takunsu a matakalar baya.
Awa uku ya kwanta a ƙasan kujerar tanka,
an lulluɓe shi da buhu.
Hashimu ya rantse min daga baya
cewa daga cikin buhun, murya ƙasa-ƙasa,
Tanimu na cewa, "Duk da haka dai, shekarun nan ya rage su."

Yau ake jefa ƙuri'a can.
A nan babu rumfa, babu layi, babu tawada a yatsa.
Tsohon katin zaɓen Hashimu
da shi muke kankare ƙanzo.
Mahaifiyata ta kira da hantsi,
na tambaye ta wa ke kan gaba a mazaɓarmu.
Ta ce ba ta sani ba, ƙafarta ta hana ta fita,
ta faɗa min kuɗin mudun masara,
ta yi shiru don in ji da kyau.

Tukunyar biyu na nan a kan kanta.
Ba a shirya ba tukuna.
Amma ɗazu na ga murfin sabuwar
a kan tsohuwar,
kuma ya zauna, duk da bai yi daidai ba.